Yadda ake sa ido kan netwok ɗin Ethernet da gano inda ya lalace

Duk wanda ya taɓa riƙe netwok a otal-otal ɗin Makka ya san kiran nan na bayan Isha. Alhazai sun dawo daga Harami, an ci abinci, kowa ya kishingiɗa ya jawo waya zai ga fuskar iyalinsa a Kano ko Damagaram ko Kumasi, sai taka wayar ta yi ƙara. Mudir ne, wato manajan otal. "Ya muhandis, shabaka ta ɗauke." Netwok yake nufi. Ba zai gaya maka a wane hawa ba, ba zai gaya maka tun yaushe ba, shi dai ga mutane sun cika masa gaban kanta.

Na daɗe ina amsa irin wannan kira tsakanin unguwannin Misfala da Aziziyya. Ƙannenmu da ke shigowa sana'ar, haifaffun nan da waɗanda suka zo daga gida, kusan kuskure ɗaya suke yi: da an ce ya ɗauke, sai su ruga ɗakin na'urori su kashe komai su kunna. Wani lokaci ya dawo, a yi musu sannu da aiki. Bayan kwana biyu ya sake ɗaukewa, ba wanda ya san dalili, domin kashewar ta share shaidar da na'urar ta tara. Da wuya netwok ya lalace gaba ɗaya. Wuri ɗaya ne ke samun matsala, ta shafi duk abin da ke bayansa. Aikinka shi ne ka yi ta raba hanyar gida biyu, kana ajiye rabin da ke lafiya, har ya rage kebul ɗaya ko kafa ɗaya a hannunka, kafa kuwa ita ce ramin da ake soka kebul a jikin na'ura.

Ethernet shi ne tsarin da ke ɗaukar bayanai ta cikin kebul tsakanin kwamfuta da suwic, akwatin da ke haɗa kebul da yawa wuri ɗaya, da rauta, ƙofar fita zuwa intanet. Bob Metcalfe da abokan aikinsa ne suka faro shi a 1973 a cibiyar bincike ta Xerox da ke Kalifoniya, ƙungiyar IEEE kuma ke riƙe da ƙa'idojinsa ƙarƙashin lamba 802.3. Ko Wi-Fi ɗin da alhaji ke kamawa a ɗakinsa, faifan nan da ke maƙale a rufin baranda kebul ne ya kai masa bayanai, shi ne kuma ya kai masa wuta. Shi ya sa yawancin ƙarar da ake kawowa da sunan Wi-Fi, in ka bi diddigi, a kebul ko a suwic za ka same ta.

Mataki na 1: zana taswira tun ana zaman lafiya

Tun ran gini ran zane. Ranar da aka damƙa maka gini, ɗauki littafi ka bi netwok ɗin da ƙafarka: daga akwatin kamfanin sadarwa inda faiba, igiyar da ke ɗaukar bayanai da haske, ta shigo, zuwa rauta, daga rauta zuwa babban suwic, daga nan zuwa suwic ɗin kowane hawa. Rubuta wace kafa ce ta tafi ina. Kowane kebul ka manna masa lamba a bakinsa biyu, ta yadda lambar da ke bangon ɗaki na 712 ita ce za ka gani a kan allon haɗi cikin kabad. Rubuta adireshin IP, lambar da ake gane na'ura da ita a netwok, na kowane suwic, kowace kyamara, kowane faifan Wi-Fi, har da injin buga takardu na wurin karɓar baƙi. Idan suwic ɗin irin wanda ake shiga cikinsa a saita ne, kunna LLDP, zai riƙa gaya maka sunan na'urar da ke ɗaya bakin kowace kafa.

In ka gaji kebul maras lamba, akwai 'yar na'urar busa: ka maƙala ta a bakin da ke ɗaki, ka je kabad da sandar sauraro kana taɓa kebul ɗaya bayan ɗaya har ka ji ƙarar.

Ka kuma rubuta yadda abubuwa suke lokacin da suke lafiya. Ping zuwa rauta, wato ɗan saƙon gwaji da ake aikawa a jira amsa, milisakan nawa ne, babbar hanya megabit nawa take ɗauka da hantsi, nawa take ɗauka bayan Isha. Ranar da aka ce maka netwok ya yi nauyi, da waɗannan lambobin za ka gwada.

Mataki na 2: tambayi mutane kafin ka taɓa na'ura

Abu uku kake nema: su wa abin ya shafa, tun yaushe, kuma me aka taɓa a ginin yau. In ɗaki ɗaya ne, hankalinka ya tafi kan kebul ɗin ɗakin da kafarsa. In hawa guda ne, suwic ɗin hawan, ko wutarsa, ko kebul ɗin da ya haɗa shi da babban suwic. In duk ginin ne, fara daga tsakiya. Tambaya ta uku ita ta fi fitar da gaskiya, amma sai da lallami, domin ba mai son a ce shi ya ɓata. Mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya shiga rufi da rana, mai fenti ya matsar da tebur, wani ya kawo sabuwar na'ura ya jona.

Dattijon da ya kawo ƙara kuwa kada ka cika shi da kalmomin sana'a. "Baba, alamar Wi-Fi tana nan a saman wayar, ko ta ɓace?" In ya ce tana nan amma komai ba ya buɗewa, ka san faifan yana da wuta, matsalar tana gaba da shi.

Mataki na 3: fitila, sannan kebul

Je ka duba fitilar kafar a suwic. Launinta ya danganta da kamfanin da ya ƙera, amma in a mace take, babu haɗi sam, kuma babu amfanin buɗe kwamfuta kana neman adireshi. Riƙa yawo da guntun kebul da ka tabbatar da lafiyarsa. Canza guntun da ke wurin da naka. In bai kama ba, mayar da shi wata kafa. In har yanzu shiru, ɗauki laftof ɗinka ka jona kai tsaye a jikin suwic. Ya kama a nan, bai kama a ɗaki ba? To laifin yana cikin bango.

A nan ya kamata ka san cikin kebul sosai. Sili takwas ne, an murɗa su biyu-biyu, tagwaye huɗu ke nan. Jerin da aka fi bi shi ne T568B: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Gudun megabit 100 sili huɗu kawai yake bi, na 1 da 2 da 3 da 6. Gigabit kuwa sai da duka takwas. Saboda haka in ka ga kafar gigabit ta sauka ta tsaya a 100, da wuya ba sili ɗaya ne daga shuɗi ko ruwan ƙasa ya katse ko bai matsu a kai ba. Yanke kan ka matsa sabo, kuma kada ka warware murɗin fiye da milimita 13.

Testa mai fitilu takwas, wadda kowa ke da ita a jaka, tana nuna silin da ya katse da wanda aka juya. Akwai laifin da ba ta gani. Wani zai jera launukan yadda ya ga dama, iri ɗaya a baki biyu, kowane tagwai kusa da ɗan'uwansa. Fitilu takwas za su kama tsaf. Amma sili na 3 da na 6 ba daga murɗi ɗaya suka fito ba, alhali murɗin nan shi ke kashe hayaniyar lantarki. A gajeren kebul zai yi aiki, a mita hamsin sai ya riƙa yankewa yana dawowa, kai kuma testa ta ce maka lafiya lau. Duk kebul ɗin da ke ba ka wahala, ɗaga kan ka kalli launukan da idonka.

Tsawo ma yana da iyaka: mita 100, wato 90 a cikin bango, 10 na guntayen da ke baki biyu. Wannan lissafi a kan zafin digiri 20 aka yi shi, kuma zafi yana ƙara raunana sigina. A Makka, inda ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Hajjin 2024, kebul ɗin da aka ja ta kan rufin bene zuwa kyamarar waje ba zai kai inda na cikin sanyi ke kaiwa ba. Ka rage tsawo, ka sa wanda aka yi don waje, ka bi da shi ta bututu. Ina kuma roƙonka ka guji kebul mai arha da ake rubuta wa CCA. Alminiyam ne aka shafe da jan ƙarfe. Kankare silin da wuƙa, in fari ya bayyana, shi ne. Yana karyewa a bakin kai, yana kuma cin wutar da ya kamata ta isa kyamara.

Maganar wuta ta kawo mu ga PoE, wato ba na'ura wuta ta cikin kebul ɗin Ethernet. Ƙa'idar 802.3af ta 2003 tana ba kafa wat 15.4, ta 802.3at ta 2009 tana ba da 30, ta 802.3bt ta 2018 ta kai har 90. Amma kowane suwic yana da jimillar da zai iya bayarwa. In kyamarori suna lafiya da rana, da an yi Magariba wasu su mutu, fitilun ganin dare ne suka kunnu suka ƙara jan wuta har jimillar ta ƙare. Shiga suwic ɗin ka ga nawa aka ci, nawa ya rage.

To in ka tabbata kebul ɗin cikin bango ne ya katse, a ina? Ba za ka fasa rufin baranda gaba ɗaya ba. Ana aunawa da amsa-kuwwa, dabarar da ake kira TDR. Na'ura tana jefa sigina cikin sili, in ta iske wurin da ya katse sai ta dawo. Sigina tana gudun kusan kashi biyu bisa uku na gudun haske, kamar mita 20 ke nan a nanosakan 100. In amsar ta dawo bayan nanosakan 400, ta yi mita 80 zuwa da dawowa, yankan yana mita 40 daga inda kake. Suwic da yawa suna da wannan a cikinsu. A suwic ɗin kamfanin Cisco ka rubuta test cable-diagnostics tdr interface da sunan kafar, ka ɗan jira, sannan show cable-diagnostics tdr interface. A na kamfanin MikroTik kuma /interface ethernet cable-test ne. Zai nuna maka kowane tagwai da tsawonsa, ya rubuta Open in ya katse, Short in biyu sun haɗe. Gwajin kan yanke haɗin na ɗan lokaci, don haka kada ka yi shi a kan babbar hanya lokacin da mutane ke aiki.

Mataki na 4: adireshi, sannan ping hawa-hawa

Fitila ta kama amma ba a samun komai. Yanzu ne lokacin kwamfuta. A Windows rubuta ipconfig /all. In adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ta nemi adireshi daga DHCP, mai rabon adireshi, ba wanda ya amsa mata, sai ta raɗa wa kanta. Ko dai mai rabon adireshin ya tsaya, ko adireshin sun ƙare saboda yawan wayoyi, abin da ke faruwa sosai a mausimi, lokacin cikowar alhazai, ko kuma an sa kafar a VLAN ɗin da ba nata ba, wato wani rukuni na daban cikin rukunan da aka raba netwok ɗin.

In adireshin daidai ne, yi ping zuwa rauta. A kan kebul amsa ba ta cika wuce milisakan ɗaya ba. Ya amsa, sai ka yi ping 8.8.8.8, wani adireshi da ke can intanet. Shi ma ya amsa amma shafi ba ya buɗewa, gwada nslookup da sunan wani shafi, domin matsalar ta koma kan DNS, mai fassara suna zuwa lamba. In rauta ya amsa, 8.8.8.8 bai amsa ba, cikin gidanka lafiya yake, ka duba tsakanin rauta da kamfani. Umarnin tracert zai jero maka zangon da saƙo ke bi har inda ya tsaya.

Ga matsalar da ke zuwa tana tafiya, bar ping -t yana gudu, ka sa yaronka ya riƙa girgiza kebul a bakin bango da cikin kabad, kai kana kallon allo. Inda amsa ta yanke, nan ne. Ka tuna kuma ba kowace na'ura ke amsa ping ba, kwamfutocin Windows da yawa katangar tsaronsu tana hanawa. Rubuta arp -a bayan ka yi ping ɗin. In adireshin MAC ɗinta, lambar da ke jikin katin netwok na na'urar, ya fito, tana raye. In kuma ka ga MAC ɗin adireshi ɗaya yana canzawa, na'ura biyu ne ke rigima a kan lamba ɗaya.

Akwai wata mai rikitarwa: ƙananan saƙonni suna wucewa, manya suna maƙalewa. Gwada ping -f -l 1472. Ƙunshin Ethernet na yau da kullum bayit 1500 yake ɗauka, 28 na kanun saƙo ne, saura 1472. In bai wuce ba, yi ta ragewa har ya wuce. Layin da ke bin PPPoE, tsarin da wasu kamfanonin sadarwa ke haɗa mai haya da shi, yakan tsaya a 1464.

Mataki na 5: karanta abin da suwic ya ƙirga

Wannan ita ce shaidar da mai gaggawar kashewa ke zubarwa. Kowace kafa tana ƙirga ƙunshin da ya iso mata a lalace. A Cisco show interfaces ne, a Linux ethtool -S. Kada yawan lambar ya tsorata ka, mai yiwuwa ta shekara guda ce. Ɗauki hotonta, share ta, jira minti goma, ka sake dubawa. Abin da ke hawa yanzu shi ne abin kula.

Ruwa ba ya tsami banza. Kuskuren CRC da ke ƙaruwa yana nufin bayanai suna lalacewa a hanya: kai bai matsu ba, ko kebul ya bi ta jikin wayar wuta mai ƙarfi ko injin lif, ko ya yi tsawo. Karon da ake rubuta wa late collision kuwa kusan kullum saɓanin saiti ne. An ɗaure baki ɗaya a kan 100, aikawa da karɓa lokaci guda, an bar ɗayan ya zaɓa da kansa, shi kuma da bai ji an yi ciniki da shi ba sai ya koma bi-da-bi. Ping zai wuce, babban fayil zai ja ciki. Tsofaffin na'urori irin ta dangwala yatsa ta ma'aikata sun fi faɗawa cikin wannan. Bar baki biyun su zaɓa da kansu, ko ka ɗaure su iri ɗaya. In kuma abin da ke hawa ƙunshin da kafa ta zubar ne wajen fita, ba laifin kebul, hanyar ce ta yi wa kaya kaɗan.

Mataki na 6: in duk ginin ya tsaya, fitilu kuma suna rawa tare

Wani dare cikin kwanakin Hajji an kira ni wani otal da komai ya tsaya cak, har kwamfutar da ke buga katin buɗe ɗaki. Da na buɗe kabad, fitilun suwic duka suna ƙyaftawa tare da sauri kamar abu ɗaya. Zobe ne. Ƙunshin Ethernet ba shi da wa'adin mutuwa irin na IP, saboda haka in hanya ta zagayo ta koma inda ta fito, saƙon da aka aika wa kowa zai yi ta kewayawa yana ninkuwa har ya cika ko'ina. In ka samu shiga suwic, za ka ga rajistarsa tana kukan cewa MAC ɗaya yana tsalle tsakanin kafa biyu.

Ba wata dabara sai haƙuri. Na tsaya a babban suwic ina zare kebul ɗin hawa ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga sakan goma kafin in mayar. Da na zare na hawan ofisoshi, fitilu suka lafa. Na bar shi a zare, sauran ginin ya dawo, na hau can na maimaita kafa-kafa. A ƙarƙashin wani tebur na tarar da ƙaramin suwic. Wani bawan Allah mai shara ya ga kebul yana lilo, ya ɗauka faɗowa ya yi, ya soka shi a kafar da ya ga babu komai, alhali ɗaya bakin yana jikin suwic ɗin. Da kyakkyawar niyya ya yi, kuma na gaya wa mudir haka. Gyaran yana wuyan wanda ya bar ƙofar a buɗe. Maganin ya daɗe da samuwa: Radia Perlman ta tsara STP, tsarin da ke gano zobe ya toshe shi, a 1985, mai saurinsa RSTP ya fito a 2001. Kunna shi, ka kunna kariyar zobe da BPDU guard, mai rufe kafa in ta ji saƙon STP, a kafofin ɗakuna, ka rufe duk kafar da ba a amfani da ita.

Ƙanwar wannan matsala ita ce rautar baƙo. Ma'aikacin wata tawagar alhazai zai zo da tasa, ya soka kebul ɗin bango a kafar LAN ta cikin gida maimakon WAN ta waje, sai ta fara raba wa maƙwabta adireshinta. Za ka ga wayoyi da 192.168.0 ko 192.168.1 da ba naka ba. A ipconfig /all za ka ga adireshin wanda ya raba, arp -a ya ba ka MAC ɗinsa, show mac address-table ya nuna kafar, littafinka kuma ya gaya maka ɗakin. Ka je da sallama ka yi masa bayani, ka dawo ka kunna DHCP snooping, mai hana baƙuwar na'ura rabon adireshi.

Faiba

Tsakanin benaye ko gini da gini faiba ake ja, kuma babban maƙiyinta ƙura ce, ga ta kuwa a Makka. Suwic yana iya nuna ƙarfin hasken da ke shigowa da ma'aunin dBm, a Cisco da show interfaces transceiver. Gwada shi da abin da takardar SFP ɗin, ɗan kan da ake soka faiba a jikinsa, ta ce. In ya yi ƙasa, goge bakin da abin gogewarsa, ka duba ko an lanƙwasa igiyar sosai. Alƙalamin jan haske yana nuna inda ta karye a kusa, OTDR, wato TDR na haske, yana auna na nesa. Kada ka taɓa leƙa bakin faiba da ido, hasken ba ya ganuwa amma yana ɓata ido. In fitilar LOS ta akwatin kamfani ta yi ja, haske ba ya isowa daga waje. Duba guntuwar igiyar da ke jikinsa, in lafiya take, kira su.

Mataki na 7: sa na'ura ta yi maka gadi

Duk abin da ya gabata bayan ɓarna ne. Abin da nake so ka kai gare shi shi ne ka riga mudir sani. Samu ƙaramar kwamfuta da ba a kashewa, ka haɗa ta da batirin ajiyar wuta, ka sa mata manhajar sa ido, Zabbix ko LibreNMS. In ginin ƙarami ne Uptime Kuma ya isa, masu MikroTik kuma suna da The Dude. Ta riƙa ping zuwa kowane suwic da faifai da kyamara duk minti ɗaya, ta riƙa ɗebo ƙididdigar kafofi ta SNMP, hanyar tambayar na'ura halin da take ciki, duk minti biyar: yawan kaya, kuskuren CRC, wutar PoE, da zafin na'ura. Canza kalmar shiga ta public da SNMP ke zuwa da ita, in na'urar ta yarda ka yi amfani da siga ta 3. Tura rajistar kowane suwic wuri ɗaya ta syslog, ka daidaita agogonsu duka da NTP, in ba haka ba ba za ka san wanda ya riga wani faɗuwa ba.

Koya mata wa ke bayan wa. In suwic ɗin hawa na tara ya mutu, saƙo ɗaya kake so a Telegram, ba saƙo sittin na kyamarori da faifan da ke bayansa ba. Wanda wayarsa ke ƙara dare da rana kan abin da bai kai ya kawo ba, wata rana zai daina dubawa. Zafin kabad kuwa ka sa masa ido na musamman, domin sau da yawa mukayyif ɗin ɗakin na'urori ne ke fara mutuwa, suwic ya biyo baya.

Mataki na 8: layin da ya bi ta hannun kamfani

Wasu masu otal suna da gini a Makka da wani a Madina, sama da kilomita 400 tsakani, sun yi hayar layin Ethernet daga kamfanin sadarwa ya haɗa su. A nan fitila tana iya ruɗinka. Kafarka tana jone da akwatin kamfani da ke cikin ɗakinka, za ta ci gaba da haske ko da layin ya yanke a tsakiyar hanya. Don irin wannan aka fitar da CFM, tsarin gano yankewar layi, ƙa'idar IEEE 802.1ag ta 2007, da 'yar'uwarta Y.1731 ta ITU, hukumar sadarwa ta duniya.

Ga yadda take aiki. A kowane ƙarshen layi ana kafa mai gadin iyaka, MEP. A na'urorin tsakiya ana kafa MIP, wanda ba ya magana sai an tambaye shi. Masu gadin biyu suna aika wa juna saƙon CCM, kamar a ce "ina nan", a tazarar da ka zaɓa, daga milisakan 3.3 har minti 10. In tazara uku da rabi ta wuce ba a ji ɗaya ba, ɗayan zai ɗaga ƙararrawa, ya kuma sa alamar RDI a nasa saƙon don can su san ba a jin su. Wannan yana kama har layin da ya mutu ta ɓangare ɗaya. Sannan akwai kayan bincike biyu. Loopback kamar ping yake, sai dai da MAC yake aiki, ba ya buƙatar IP. Linktrace kuma kamar tracert, kowane MIP da ke hanya yana amsawa, na ƙarshen da ya amsa shi ke nuna maka bakin inda aka yanke. Y.1731 ta ƙara auna jinkiri da yawan ƙunshin da ya ɓata, abin da za ka riƙe a hannu in kamfani ya ce layinsa lafiya.

An raba aikin CFM hawa takwas, ba na bene ba, 0 zuwa 7, don kowa ya tsaya a gonarsa. A al'ada mai haya yana ɗaukar 5 zuwa 7, kamfanin da ya sayar masa 3 da 4, masu riƙe da wayoyin 0 zuwa 2. Saƙon hawan sama yana ratsa na ƙasa ba a taɓa shi, na ƙasa kuwa ba ya tsallake iyakarsa. Saboda haka kafin ka saita komai, tambayi injiniyan kamfanin hawan da suke kai, ka ɗauki na sama da shi, ka kuma nemi su buɗe maka MIP a hawanka in suna yi. A baki biyun dole hawa ya zama ɗaya, sunan rukuni ɗaya, VLAN ɗaya, tazara ɗaya, lambar MEP ce kawai za ta bambanta. Harafi ɗaya ya saɓa a sunan, ƙararrawa za ta yi ta kuka alhali layi lafiya. Tazarar sakan 1 ta ishi otal.

Tambaye su kuma ko akwatinsu yana aika saƙon numfashin ƙarshe na 802.3ah, wanda na'ura ke fitarwa daidai lokacin da wuta ta ɗauke mata. Da shi ake bambance yankewar wutar lantarki da yankewar faiba ba tare da an tura mota ba.

In ka kira kamfani, ba su lokacin da CCM ya tsaya da minti da sakan, lambar layin, MIP na ƙarshe da ya amsa, da hoton fitilun akwatinsu. Ni a watan Muharram nake gwada nawa, bayan alhazai sun watse. Ina sa abokin aikina na Madina a waya, in ce masa, "Malam, zare naka." In tazarar sakan 1 ce, kafin in ƙirga huɗu ya kamata suwic ɗin Makka ya rubuta cewa ya daina jin ɗan'uwansa, saƙo kuma ya biyo baya a wayata. In bai shigo ba, ranar nan zan zauna in gyara, sannan mu juya, ni in zare nawa shi ya ƙirga.